Shatar kwale-kwale don zuwa su a Kaduna, da yadda za a dafa abin da aka kamo

Wani ƙanina ne ya yi tambaya, yace su shida ne abokai duk ma'aikata, suna so wata Asabar su ɗauki shatar kwale-kwale da masunci su shiga ruwa su kama kifi da hannunsu, in sun fito su dafa a bakin ruwan ko su taho da shi gida. Yana so ya san ina ya kamata su je nan kusa da Kaduna, wane lokaci, me zasu riƙe, sannan ya zasu yi da kifin.

Toh ƙanina, ka zo gidan. A Kabala na tashi, kogin nan a bayan gidanmu yake, sannan na yi shekaru ina aikin malamin gona ɓangaren kifi, yawancin aikin a bakin ruwa ne tare da masunta. Bari in fara da abinda mutane basa ganewa: girkin shine mafi sauƙi a duk harkar nan. Daɗin kifin da zaku ci da yamma, tun a cinikin da kuka yi da masunci da kuma awa ɗaya na farko bayan kifin ya bar ruwa aka gama yanke hukuncinsa. In an ɓata a can, ko wacece ta hau murhu bazata gyara ba.

Nan Kaduna ba kamar Legas bane da zaka samu masu jirgin shata na shiga teku da farashinsu a rubuce. Mu nan mutum zaka nema. Duk mashigar ruwan da masunta ke zama akwai Sarkin Ruwa ko wani babba da suke jin maganarsa, wajensa zaka fara zuwa, kuma ba ranar tafiyar ba, ka je kamar kwana uku kafin nan, ka gaishe shi da kyau, ka ɗan riƙe masa na goro, ka gaya masa ku nawa ne kuma me kuke so. Shi zai haɗa ku da wanda ya san ruwan. Wannan ba al'ada kawai bace, amfaninku ne, don in wani abu ya taso akwai wanda za a koma wajensa, kuma masuncin da Sarkin Ruwa ya turo ba zai so ya kunyata shi ba. Kada ka tare wani yaro a bakin gada don yana da kwale-kwale ka ce ya kai ku. Katakon jirgin ba shi kuke biya ba ai, kan mutumin kuke biya, shi ya san inda dutse yake a ƙarƙashin ruwa, inda gurbi yake, inda tarwaɗa ke kwana da inda karfasa ke kiwo da safe.

A wajen ciniki, tun ran gini tun ran zane. Ku yi maganar ƙarfe nawa za a shiga ƙarfe nawa za a fito. In jirgin mai inji ne ku yi maganar fetur, wa zai saya, kuma ni shawarata ku saya da kanku a jarka ku kawo, injin nan mai ƙarfin doki 15 da suka fi amfani da shi in aka buɗe masa wuta yana shan kusan lita 7 a awa, amma ba gudu zaku yini kuna yi ba, yawancin lokaci a kashe yake kuna zaune kuna jira, kuma kar ku manta da baƙin man da ake haɗa masa a cikin fetur ɗin. Ku yi maganar kayan aiki, nasa ne ko naku. Sai babbar maganar da kowa ke jin kunyar yi: kifin da aka kama na waye?

Wannan na koye shi ne da tsada. Wata shekara na kai wasu baƙi ruwa, mun yi ciniki lafiya lau an biya, ban ce komai kan kifi ba don a tunanina ai a bayyane yake. Wajen ƙarfe tara ƙugiyar da masuncin ya ɗana tun dare ta kamo giwan ruwa, ba wani ƙato can ba amma tsawonsa ya kai hannuna daga kafaɗa zuwa yatsu, baƙin nan sai ihu suke suna hoto, ɗaya har ya kira matarsa yace ta jiƙa shinkafa. Muna fitowa gaɓa mutumin ya ɗauki kifinsa ya saɓa a kafaɗa. Yace shi yawo aka biya shi ya kai mu, kuma ƙugiyar tasa ce, tun kafin mu zo take cikin ruwa. Kuma wallahi in ka duba da gaskiyarsa. Sai da muka sake sayen kifin a hannunsa, a hakan ma yace sai dai a bar masa farar jakar iskar nan da ke cikin cikinsa, don ita daban ake sayenta a busar, 'yan kasuwa na fitar da ita har ƙasar Sin. Tun daga ranar nake faɗa a gaban shaidu: abinda muka kama da fatsarmu namu ne, abinda birginka, wato ragar jefawa, ya kamo muna cikin jirgi a raba kaza, abinda ka ɗana tun jiya naka ne amma mu zamu fara tayawa. Sannan ku tambaye shi in ba a kama komai ba fa? Don yana faruwa. Mai hankali zai ce zai sayar muku daga na safiyarsa a farashin bakin ruwa. Ku biya rabi kafin a shiga, rabi in an fito.

Maganar wuri. Kogin Kaduna daga tsaunukan Jos ya taso, ya ratsa garin nan, ya wuce Shiroro da Zungeru kafin ya faɗa kogin Kwara, tafiyar kusan kilomita 550. A cikin gari in dai ci zaku yi, ku yi sama, wajen Unguwar Rimi, Malali, Rafin Guza zuwa gaba. Kada ku yi ƙasa wajen Nasarawa da Kudenda, don kafin ruwa ya kai can ya kwashi kwatocin gari da abinda ke gangarowa daga unguwannin masana'antu na Kakuri da Makera, kuma tarwaɗa a ƙasan taɓo take kiwo, duk abinda ya kwanta a can yana jikinta. Mutane na kamawa suna ci, na sani, amma ni bazan kai baƙo can ba. Wajen lambun Gamji kuma, inda tsohuwar gadar Gwamna Lugga take wadda aka ɗauko daga Zungeru, wurin hutawa ne da hoto, ba wurin su ba.

In ni ne ku, dam ɗin Kangimi zan je, a ƙaramar hukumar Igabi, ta hanyar Maraban Jos. Ruwan kwance yake ba ya gudu irin na kogi, akwai masunta zaune a wurin, kuma ga waɗanda basu taɓa shiga jirgi ba ya fi kwanciyar hankali. Shiroro ya fi girma nesa ba kusa ba, tun 1990 aka buɗe dam ɗin kuma tafkin ya tara manyan kifi, amma a jihar Neja yake, ba tafiyar je-ka-dawo bace mai daɗi, kuma kowa ya san halin tsaron da yankin ya shiga a shekarun nan. Ko Kangimin ma ku kira mutanen wurin ana gobe ku ji yadda hanya take, kuma kada magariba ta same ku a can.

Lokaci kuwa, ku cire Agusta da Satumba daga lissafi gaba ɗaya. Lokacin kogi ya cika ya batse, ruwan ja ne, yana ɗauke da itatuwa, shine lokacin da yake shiga gidajen mutane a Kigo Road, ko masuntan da kansu suna taka tsantsan. Daga Nuwamba ruwa ya fara ja da baya ya washe, kifin da ya bazu cikin fadamu ya ci ya ƙoshi yana dawowa, wannan shine lokaci mai kyau. In hunturu ya kankama a Disamba da Janairu kifi yakan yi sanyin jiki, da sassafe ba ya cin ƙugiya sosai sai rana ta ɗan ɗaga. Maris da Afrilu ruwa ya ƙafe duwatsu sun fito, kifi ya taru a gurabe masu zurfi, kamu na da sauƙi amma rana zata gasa ku kafin ku gasa kifin. A ranar kuma ku yi asuba ku kama hanya, daga fitowar rana zuwa wajen goma da rabi shine kasuwar, sai kuma bayan la'asar. Tsakar rana zaman banza ne.

Yanzu maganar da bana wasa da ita. Ku shida kada ku shiga ƙaramin kwale-kwale ɗaya, ku ɗauki biyu, uku-uku da masunci a kowanne. Kowa ya sa rigar kariya ta ruwa, kuma ku nemo abinku tun daga gari don da wuya ku samu a wurin masunta, su a ganinsu ma abin dariya ne. Ku bari su yi dariyar. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa ta daɗe tana cewa ba riga ba shiga jirgi, ta kuma hana tafiyar dare, kuma ai mun ga abinda ya faru a Patigi ta jihar Kwara a Yunin 2023, jirgi ya kife, mutum sama da 100 'yan dawowa daga biki suka tafi a dare ɗaya. Wanda yace ya iya iyo a wurin wanka na otal, ruwa ba sa'an kwando bane. A cikin jirgi ba a miƙewa tsaye, ba a taruwa gefe ɗaya, kuma yawanci lokacin da ake kifewa shine lokacin da kifi ya kama kowa ya zabura zai gani. Wayoyi a ƙulle cikin leda biyu.

Ɗaya abin da ba a faɗa shine tsargiya. Tsutsar tana fitowa ne daga jikin ƙananan katantanwa da ke gefen ruwa inda ciyawa take, ta fata take shiga ba sai ka sha ba, sai bayan makonni mutum ya ga jini a fitsari ko ciki ya dame shi. Don haka banda wanka, banda tsayawa cikin ruwan gaɓa ana hira, ku taho da ruwan sha da na alwala a jarka. In wani ya ga alama daga baya ya je asibiti ya faɗa musu ya shiga dam, maganin praziquantel ne kuma yana aiki.

Kayan kamu ba sai kun kashe kuɗi ba. Fatsa ta isa: sandar gora, zaren roba, ƙugiya ƙanana da matsakaita, ɗan dalma, da ɗan abin da zai yi yawo a saman ruwa ya nuna maka an taɓa. Abincin ƙugiya, tsutsar ƙasa wato tana ita ce sarauniya, karfasa na ci tarwaɗa na ci. Hanjin kaza da ya ɗan kwana yana kiran tarwaɗa don ita da hanci take farauta. Gara, ƙwarin nan masu cin itace, ita ma tana yi. Giwan ruwa da tsage kuwa masu cin 'yan uwansu ne, sai ƙaramin kifi mai rai. Ku ce masuncin ya taho da birgi ya jefa muku, kallon yadda yake buɗewa a iska kamar faifai kaɗai ya isa kuɗin, amma kada wani cikinku yace zai gwada daga cikin jirgi, a gaɓa ake koyo. In kuka ga an jawo raga mai ƙananan ido cike da 'ya'yan kifi kamar yatsa, ku ce a mayar. Haka karfasar da kuka ga bakinta cike da ƙwai ko 'ya'ya, a baki take renonsu, a sake ta. Kuma duk wanda yace muku akwai hanya mai sauri, a zuba magani a gurbi, ko gamalin ko magimfa, ku tashi ku bar wurin. Dokar kamun kifi ta 1992 ta hana guba da nakiya da wutar lantarki, kuma ko ba doka ai cikinku zai shiga. Kifin guba zaka ganshi jiki ya saki da wuri, cikinsa ya kumbura tun bai daɗe ba.

Abinda zaku fi samu karfasa ne da tarwaɗa da ƙurungu, wataƙila ragon ruwa ko balli, in da rabo giwan ruwa. Uku zan ja muku kunne a kansu. Ƙurungu yana da ƙaya uku, ɗaya a baya biyu a gefe, in ya ji hannu sai ya miƙe su ya kulle, kuma suna da zarto. Har yau akwai tabo a tafin hannuna na hagu, ina ɗan shekara goma sha biyu na damƙe shi kamar mangwaro, ƙayar ta shige ta ƙi fita sai da wani dattijo ya karya ta da filaya ya zaro, hannun ya kwana uku yana zogi. A bar masunci ya cire shi ya karye ƙayoyin. Na biyu minjirya, mai santsi mai ɗigo-ɗigo kamar an hura ta, wuta take ja, babba zata iya ba ka abinda ya fi na soket ɗin gida. Ana cinta, amma ba kai zaka taɓa ta da rai ba. Na uku talibambam, wanda ke kumbura kamar ƙwallo, yana da guba, a yi hoto a mayar da shi.

Toh ga inda yawanci ake ɓata komai. Kifi ya fito, an jefa shi ƙasan jirgi cikin ruwan da ya taru da fetur, yana ta birgima har ya mutu a rana, bayan awa huɗu a zuba a baƙar leda a sa a but ɗin mota. Kafin a iso Kawo ya fara wari, sai a ce wai kifin ruwa ƙarni gare shi. Ba ƙarni bane, lalacewa ce. Ku taho da kula babba da ƙanƙara, kuma ƙanƙarar ta kai nauyin kifin da kuke sa ran samu, ku sayi ta bulo ana gobe ku farfasa a wurin. Kifi mai ɓawo irin karfasa da giwan ruwa yana fitowa a buge shi a ka ya mutu nan take, a yanka wajen maƙogwaro jini ya fita, a farke ciki a cire hanji da jan abin nan na ƙarƙashin kunnensa da yake numfashi da shi, don daga nan ruɓa ke farawa. A kula da matsarmama, 'yar koriyar jakar nan da ke manne da hanta, in ta fashe duk inda ta taɓa ya yi ɗaci kuma wanki baya fitar da shi. A ɗauraye da ruwan jarka, a jera a kula, ƙanƙara a ƙasa, kifi, ƙanƙara a sama har cikin cikinsa, in ruwa ya taru a tsiyaye. Tarwaɗa ita daban ce, tana shaƙar iska kai tsaye, don haka kada ku kashe ta, ku sa ta a bokiti da ɗan ruwa ku rufe da buhu a inuwa, da ranta zata iso har gida.

Girki. A bakin ruwa gashi zaku yi, kada ku wahalar da kanku da tukwane. Ku riƙo gawayi, wayar gashi mai maƙewa biyu, wuƙa mai kaifi, faranti, man gyaɗa, gishiri, lemun tsami, albasa, da haɗin da kuka markaɗo daga gida: attaruhu, citta ɗanya, tafarnuwa, ɗan masoro, magi, a kwaɓa da mai. Karfasa ce ta gashi. A kankare ɓawon, a tsaga jikin sau uku kowane gefe har wuƙa ta taɓa ƙashi, a shafa gishiri da lemun tsami, a cusa haɗin cikin tsagar da cikin ciki, a bar shi minti ashirin zuwa talatin a cikin kula, ba fiye ba, don lemun tsami in ya daɗe yana dafa naman ya sa shi ya yi gari-gari. Wuta kuma sai ta ci ta faɗa, gawayi ya yi fari da toka, in ka ɗora tafin hannu a sama ka iya ƙirga huɗu zuwa biyar kafin ka janye, to ta yi. A shafa wa wayar mai. Sannan abinda ke kayar da kowa: a bar kifin ya zauna. Matsakaiciyar karfasa minti bakwai zuwa takwas take so a gefe ɗaya, in ka ga tana manne da waya bata shirya juyawa bane, in fatar ta gasu da kanta take saki. Juyi ɗaya tak. Ku kuna shida na san kowa zai so ya sa hannu, ku naɗa mutum ɗaya sarkin wuta sauran su yanka albasa. Alamar nuna, ka sa bakin wuƙa wajen ƙashin baya inda ya fi kauri, in naman ya yi fari ya rabu da ƙashi ba tare da gardama ba shikenan, masu ma'auni suna cewa digiri 63. Kuma kifin ruwan daɗi ba a cinsa da sauran ɗanye, yana ɗauke da tsutsotsi, ya nuna har ciki. A barbaɗa yajin ƙuli, a ci da burodi ko gurasa ko dankalin Hausa da aka tura cikin tokar tun farko.

Ni ban cika son naɗe sabon kifi a foyil ba, turara shi kawai yake, ƙamshin gawayin baya shiga. Foyil na tarwaɗa ne, ita da ke da kitse da fata mai laushi da ke narkewa a waya.

Amma tarwaɗa da ragon ruwa da ƙurungu, gaskiya haƙƙinsu farfesu ne, kuma a gida. Yauƙin jikin tarwaɗa ne aikin. A kashe ta, a yanka gunduwa-gunduwa masu kauri kamar yatsu biyu, a zuba mata ruwan zafi wanda bai kai tafasa ba na kamar minti ɗaya, zaka ga yauƙin ya yi fari ya dunƙule, sai a tsiyaye a kankare a ɗauraye da ruwan sanyi. Wannan ruwan zafin yana ƙara ɗaure naman kada ya watse a tukunya. Wasu da alif suke wankewa, wanda ake sa wa ruwa ya kwanta, wasu da toka, wasu gishiri da lemun tsami, duk suna yi, sai dai alif in ya yi yawa yana sa fata ta yi tauri. A cire jinin da ke kwance jikin ƙashin baya da farce, shine tushen ƙarni. Romon ake fara dafawa ba kifin ba: ruwa daidai wanda zai rufe kifin kawai, jajjagen attaruhu da albasa, citta, tafarnuwa, masoro, kimba a fasa a cire 'ya'yan don suna ɗaci, kanumfari ƙwaya uku ko huɗu kada ya fi haka, gyaɗar miya da aka ɗan gasa aka daka, ɗan daddawa, gishiri da magi. Ya tafasa minti goma har ƙamshin ɗanyen yaji ya tafi, a ɗanɗana a gyara tun yanzu. Sai a jera kifin, kawunan a ƙasa, a rage wuta. Daga nan ludayi ya huta, in kana so ya juyu ka kama hannuwan tukunyar da tsumma ka girgiza a hankali. Minti goma sha biyar zuwa ashirin ya isa. Ɗaɗɗoya a ƙarshe, a rufe, a sauke. Ba a sa mai, kitsen kifin zai taso da kansa. Ƙurungu ƙashi ya yi masa yawa a ka amma romonsa ya fi na kowa, in an haɗa biyu ko uku cikin tukunyar tarwaɗa zaka ji bambanci.

Giwan ruwa in Allah ya ba ku, kada ku kashe shi da yaji. Namansa fari ne, ƙaya kaɗan, a yanka shi fala-fala, gishiri, ɗan citta da tafarnuwa, a soya a man gyaɗa mai zafi minti uku zuwa huɗu kowane gefe, ko a gasa. Kan da ƙashin bayan a yi romo da su. Ƙananan kifi irin kawara kuwa a cire ciki a sa gishiri a soya su ƙayau a ci har ƙashi, da garin kwaki da ƙuli sun fi komai tafiya. A tsane kifi da kyau kafin ya shiga mai, in ba haka ba ya fantsama kuma ya kama kasko. Balli da tsage suna da ƙananan ƙayoyi cikin nama, kada a ba yara sai an tsince.

In kamu ya yi albarka ya fi ƙarfin cikinku, kada ku dogara da firiza da wutar nan tamu. Wanda yake cikin ƙanƙara sosai zai kai gobe lafiya, sauran ku raba tun a mota kowa ya kai gida a dafa a daren, ko ku bar wa matan masuntan su yi muku banda, ku biya su, wani ya koma ya karɓo bayan kwana biyu. Tarwaɗar da aka naɗe aka banda da itace mai kyau tana yin makonni in ana ɗan shanya ta, kuma a miyar kuka ko kuɓewa busasshiya ba a magana.

Kuɗin shata ban faɗa ba da gangan, don yana bin farashin fetur da kuma irin motar da aka ga kun zo da ita. Ranar zuwa ciniki mutum biyu su je, a kan mashin in da hali, kuma ku fara tambayar nawa masunci ke samu a rana mai kyau in ya fita shi kaɗai, daga nan ake lissafi, don ranar tasa kuka saya. In an fito lafiya ku zauna ku ci gashin tare da shi da yaron da ke masa tuƙi, ku karɓi lambarsa, shi zai kira ku da kansa ranar da ruwa ya yi kyau.